Bayan gida yana kufce mini a wurin aiki: allura, tiyata, ko in koma gida?

Wata ƙanwarmu da ke aikin kula da tsofaffi a arewacin Ingila ta rubuto: "Anti, shekara huɗu ke nan likitoci suka ce ina da gyambon babban hanji, wanda suke kira kolaitis. Ina shan magani, amma tun bara bayan gida yake kufce mini kafin in kai banɗaki, har ya taɓa faruwa a gidan tsohuwar da nake yi wa hidima. Likita ya ambaci allura, ya ce idan ba ta yi ba sai tiyata, wataƙila har da jaka a ciki. Hajiyarmu a Kano ta ce basir ne, in zo gida a haɗa mini magani. Bizata a hannun kamfaninmu take, ina tsoron su ji. 'Ya'yana biyu, muna son ƙari. Ko salla ma ta zame mini abin fargaba."

Sannu ƙanwata. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Kin gaya mini abin da likita ya ce, amma ba ki gaya mini abin da ke kika ce masa ba. Ina kyautata zaton "ina yawan zuwa banɗaki" kika tsaya a kai, kunya ta haɗiye sauran. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki ce masa ƙarara yana zubo miki, sau nawa a mako, da dare ko da rana, mai ruwa ne ko mai tauri, kina jin zuwansa ko sai dai ki gani a jikinki. Kina iya neman likita mace, kuma NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnati a can, tana ba da tafinta kyauta. Kada ki ɗauki 'yar garinku ta yi miki tafinta, don a gabanta ma za ki rage magana.

Dalilin nacewata shi ne, kufcewar bayan gida ga mai irin ciwonki ba sababi ɗaya gare ta ba, kuma ba a zaɓar magani kafin a san sababin. Mafi yawa kumburin ne bai kwanta ba. Ƙarshen hanji, inda kashi ke taruwa ya jira, idan ya yi gyambo sai ya daina haƙuri: abu kaɗan ya sauko ya ce a fitar da shi yanzu. Ana gane wannan da gwajin bayan gida mai auna kumburi, da kuma leƙa hanjin da kyamara. Amma ke uwa ce, don haka akwai tambaya ta biyu: a haihuwarki an yi miki ƙari, ko kin yage har aka yi ɗinki? Tsokar da ke riƙe dubura takan ji rauni a lokacin, mace ta yi shekaru lafiya lau, sai ranar da gudawa ta zo raunin ya bayyana. Akwai hoton da ake ɗauka da gwajin ƙarfin matsewa don gano haka. Wani lokacin ma kashi ne ya taurare a sama, ruwa yake zagayowa ta gefensa, mutum ya yi ta shan maganin tsayar da gudawa yana ƙara wa kansa wahala.

Idan kumburi ne, kafin a kai ga allura ki tambaya ko an gwada miki maganin cusawa ta dubura, irin su Pentasa na matsi ko na ruwa. Mutanenmu suna ƙyamarsa, su karɓa su jefa a durowa, alhali shi ne yake isa daidai inda ciwon yake, inda ƙwayar haɗiya ba ta cika kaiwa da ƙarfinta ba. Da dare ake sa shi, don haka ko azumi bai shafa ba. Imodium kuwa, maganin tsayar da gudawa, yana taimakawa lokacin da ciwon ya lafa, amma ba a shansa ana ganin jini ko zazzaɓi, yana iya sa hanji ya kumbura ya tsaya cak. Ki guji Brufen da danginsa na ciwon jiki, suna iya tayar da ciwon. Ranar da kika ga gudawar jini sau shida ko fiye a yini, ga zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri, sashen gaggawa za ki nufa, ba jiran ranar ganin likita ba.

Allurar da ya ambata, irin su Humira da ake yi a gida duk mako biyu ko Remicade da ake sawa ta ƙarin ruwa a asibiti, tana kwantar da garkuwar jiki ne don ta daina yaƙar hanjin. Da yawa sun samu sauƙi da ita, wasu ba ta yi musu ba aka canza wata. A nan asalinki yana da muhimmanci. Ki tabbatar sun san a Nijeriya kika girma da kuma yaushe kika je gida na ƙarshe, domin dole a gwada ki tarin fuka mai kwance da ciwon hanta nau'in B kafin a fara, allurar tana iya tashe su. Ki ce a duba atini da tsutsar ciki ma. Sannan mai wannan allura ba a yi masa rigakafin shawara, saboda ƙwayar da ke cikinsa mai rai ce. Idan an taɓa yi miki, ki nemo katinki mai ruwan ɗorawa ki adana, tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Humira tana son firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma a waje ba ta wuce kwana 14 ko da zafin bai haura digiri 25 ba. Ki auna wannan da Kano a watan Afrilu da halin wutarmu.

Idan kuma kumburin ya kwanta amma zubar ba ta tsaya ba, to maganar tsoka ce. Akwai ma'aikatan jinya da ke koyar da atisayen matse ƙasan mara, da na'urar da ke nuna miki ko kina matsewa daidai. Yana ɗaukar watanni, ba ya cin kuɗi, ba ya cutarwa. Bayansa akwai 'yar na'urar da ake dasawa a ƙugu tana zaburar da jijiyar da ke kula da dubura. Abin da nake so da ita, ana fara gwajin mako biyu ko uku da waya ta wucin gadi, sai an ga zubar ta ragu sosai a dasa ta dindindin.

Tiyata ba abin kunya ba ce, kuma ga mai kolaitis cire babban hanji yana raba shi da gyambon. Sai dai hanya biyu ce. Ko a fito da bakin ƙaramin hanji ta fatar ciki a manna jaka, ko a naɗe ƙarshensa a yi masa ma'aji a ciki a haɗa da dubura. Kowa na biyun yake so, don ba jaka. Amma mai ma'ajin yakan je banɗaki sau huɗu zuwa takwas a yini, wasu yana ɗan zubo musu cikin barci, kuma idan tsokarki ta riga ta yi rauni za ki iya komawa gidan jiya bayan an gama yanka ki. Aikin yana kuma iya rage samun ciki, shi ya sa mata da yawa suke zama da jaka har su gama haihuwa. Jakar tana ƙarƙashin zane, ana aiki da ita, ana aikin Hajji da ita. A Ingila mai jaka ta dindindin yana samun takardar yafe kuɗin magani, maimakon fam 9.90 kan kowane abu da aka rubuta. Matsalarta tana gida: idan niyyarki komawa Nijeriya nan da 'yan shekaru, ki fara binciken inda za ki riƙa samun jakunkunan da nawa ne, domin abin buƙatar kullum ne.

Batun Hajiya: ki yi mata magana mai daɗi, ki roƙi addu'arta, amma kada ki sha. Yawancin haɗin basir aikinsu wanke ciki ne, hanji mai gyambo kuwa ba wanki yake nema ba. Tafiyar ma tana da nata lissafin. Wanda ya yi fiye da kwana 180 a wajen Birtaniya cikin wata 12 yana iya karya lissafin shekarunsa na neman zaman dindindin, kuma barin aiki ba albashi fiye da mako huɗu a shekara yana iya sa kamfani ya janye ɗaukar nauyi.

Hutun rashin lafiya da likita ya rubuta ba ya cikin wannan mako huɗun. Shi ya sa ɓoyewa ta fi faɗa haɗari. Idan kina makara ko kina barin gidan tsohuwa kafin lokaci ba wanda ya san dalili, laifi za a rubuta miki, kuma idan aka sallame ki yawanci kwana 60 ake bayarwa a samu wani kamfanin. Dokar Daidaito ta 2010 ta wajabta wa mai aiki ya yi sassauci daidai gwargwado ga wanda ciwo ya daɗe masa wata 12 ko fiye yana tauye harkokinsa. Ki rubuta wa manaja ta imel, ba da baki ba, ki ce kina da ciwon hanji mai daɗewa, ki haɗa da wasiƙar asibiti, ki nemi gidajen da ke kusa da juna ko a mayar da ke gidan kula da tsofaffi inda banɗaki ke kusa. Ba dole ki ba su labarin abin da ya faru ba. Rashin zuwa ya wuce kwana bakwai, ki karɓo takardar likita. Kuɗin hutun ciwo na doka yana kaiwa mako 28, kuma ba ya cikin tallafin gwamnati da bizarki ta hana. Ƙungiyar Crohn's & Colitis UK tana ba mambobinta katin da ake nunawa a shago a bar mutum ya shiga banɗaki, sannan mabuɗin Radar yana buɗe banɗakunan naƙasassu da ake kullewa a tashoshi. Ki riƙa tafiya da kunzugu, da canjin kaya, da man shafawa mai kare fata.

Sallarki kuma, hukuncinki na mai uzuri ne, irin na mai yoyon fitsari. A mazhabar Malikiyya abin da ke fita ba da ikon mutum ba, idan ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala, an dai so ya sabunta ta ga kowace salla. Ki yi tsarki, ki canza kunzugu, ki yi alwala bayan lokaci ya shiga, ki tayar. Mai jaka ma a wannan babin malamai suke sa shi. Ranar da za ki ga likitan tiyata ki tafi da maigidanki, ya ji maganar haihuwa da ta jaka da kunnensa, ku yanke tare.