Amsa ga ɗan uwan da ke neman tsofaffin gem da zai buga da yaransa

Salamu alaikum. Ɗan uwa tun jiya da daddare na ga tambayarka, ka ce ka sayi PS2 ta hannu ka haɗa da irin 'yar sandar nan da ake sokawa a bayan talabijin wadda aka ce gem dubu goma ne a cikinta, kana neman wanda za ku buga da yaranka biyu a hutun nan, kai kuma ba ka riski zamanin kaset ba, a waya ka fara gem. Na ga mutane sun jero maka sunaye kusan hamsin babu bayani, toh ni dai ka yi haƙuri zan ɗan ja zancen, don harkar nan ta cinye min kuɗin tara na makaranta ba adadi.

Maganar dubu goman nan kada ta ruɗe ka. Mu ma da haka aka yi mana, kaset ruwan ɗorawa an rubuta 9999999 in 1 a jiki, ka je gida kana rawar jiki ka kunna sai ka tarar gem shida ne ko bakwai ake ta maimaitawa an canja musu suna da kala. Abin da zan ce maka shi ne ka ware kamar goma, kuma ka fi ba da ƙarfi a wanda mutum biyu ke bugawa lokaci guda. In ka bar yaro da wannan dogon jerin wallahi wuni zai yi yana shiga yana fita, ba zai ƙure ko ɗaya ba, bayan kwana uku ya ce maka gem ɗin ba daɗi a ba shi waya.

Ka fara da na famili gem, wato kwafin Famicom ɗin Nintendo da ta fito a Japan a 1983, mu dai kwafin muka sani, mai adafta da ke zafi kamar dutsen guga har sai an ɗora mata tsumma mai ruwa. A cikinsu na farko a wurina shi ne gem ɗin tanka, Battle City sunansa na asali, na Namco ne 1985, a kaset ɗinmu kuma Tank 1990 ake rubutawa. Kai da ɗanka kowa da tankarsa, kuna gadin wata mikiya da ke ƙasan allo an kewaye ta da bulo, mu kaza muke ce mata, tankokin abokan gaba 20 ne a kowane steji. In ka ɗauki tauraro harbinka ya ƙara ƙarfi, shebur ya mayar da katangar kaza ƙarfe na ɗan lokaci, agogo ya daskarar da su, gurneti ya tashi duk wanda ke fili. Abin dariyar shi ne kai ma za ka iya harbe kazarka da hannunka, kuma ƙanina ya yi min haka a steji na ashirin da wani abu bayan mun shafe fiye da awa, har yau in muka haɗu da salla sai na tuna masa. Wannan gem ɗin yana koya wa yara raba aiki ba tare da an yi musu wa'azi ba, kai tsare dama ni in tsare hagu.

Sai Contra na Konami. Rai uku ake ba ka kuma harsashi ɗaya ya taɓa ka ka mutu, don haka kafin ka danna start ka danna sama sama ƙasa ƙasa hagu dama hagu dama B A, zai ba ka rai 30, in ku biyu ne ka danna select kafin start. Duk inda ka ga bindiga mai harafin S ka bar wa yaron, ita ce mai watsa harsashi. A steji na uku wurin hawan dutse mai ruwa nan ake ɓatawa, wanda ya yi gaggawar hawa sama allo zai bi shi ya kashe na ƙasa, kuma wanda ransa ya ƙare yana iya satar ran ɗan uwansa, nan ne za ka ji ihu daga ɗaki. Super Mario Bros na 1985 ba sai na yi dogon bayani ba, amma shi bi da bi ake yi, wani ya mutu wani ya karɓa. Ka dai nuna musu hanyar sama a 1-2 inda ake bi ta kan bulo a wuce bututun fita a tarar da bututu uku masu tsallakar da kai gaba, ranar da aka fara nuna min ji na yi kamar an buɗe min asiri. Gem ɗin harbin agwagwa kuwa ka manta da shi, bindigar ba ta aiki sai da tsohuwar talabijin mai ƙeya.

Yanzu Sega, nan zuciyata take gaskiya. Mega Drive ta fito 1988 a Japan, a Amurka Genesis suke ce mata, so in ka ga suna biyu a sandar taka abu ɗaya ne. In za ka buga gem ɗaya tak a duk abin da na rubuta to ya zama Streets of Rage 2 na 1992, wani wurin za ka ga Bare Knuckle II, shi ne dai. Mutum huɗu ake zaɓa, Axel, Blaze, Max ƙaton nan mai jinkiri amma in ya damƙe mutum ya gama, da Skate yaro mai takalmin taya wanda yara suka fi so. Kuna tafe kuna dukan 'yan daba a titi, ka fasa kwandon shara ka samu tuffa ko gasasshiyar kaza jininka ya dawo, kuma rigima kullum a kan wa zai ɗauki kazar take. Da Axel ka danna gaba gaba B, wannan naushin shi kaɗai zai kai ka nesa. Madannin A yana fid da kai in an yi maka rubdugu amma jininka yake ci, kada yaro ya riƙe shi kamar tasbaha. Kuna iya dukan juna bisa kuskure, da gangan ma ana yi a ce kuskure ne. Steji takwas ne, zama ɗaya ake ƙure shi, kiɗan kuma wani Yuzo Koshiro ne ya haɗa, shekara talatin da wani abu amma har yanzu in na ji na stejin farko sai na tuna ƙamshin shagon gem ɗin unguwarmu, zufa da turaren sauro da fanka mai ƙara.

Ƙaramin yaron naka da ka ce shekararsa bakwai, Sonic 2 ka sa masa, shi ma 1992 ne. Ka riƙe Sonic ka ba shi pad na biyu ya ja Tails, shi Tails ko ya faɗa rami ko an bar shi a baya dawowa yake ta sama yana juya jela, ransa ba ya ƙarewa, yaro yana ji da shi ake yi kai kuma bai ɓata maka wasa ba. Ni da haka aka yaudare ni shekara guda kafin na gane. Ka shirya wa ruwan Chemical Plant, in kiɗan nutsewa ya fara har babba sai gabansa ya faɗi. Akwai Golden Axe da Gunstar Heroes su ma na mutum biyu ne, Road Rash kuma tseren babur ne ana dukan juna da sarƙa da kulki, Shinobi III na kai kaɗai ne bayan yara sun yi barci. Mortal Kombat na san za a ce dole in ambata, eh mun buga Ultimate MK3 har yatsa ya yi kanta, Scorpion baya baya naushin ƙasa ya jefo igiya, Sub-Zero ya daskarar da mutum, amma akwai jini da cire kai, ni ban sa wa ɗan shekara bakwai ba, kai ka san gidanka. Kuma da pad mai madanni uku wahala ce kawai, sai mai shida.

Super Nintendo ba ta yawaita a unguwarmu ba, sai da na girma na rama. Donkey Kong Country na 1994 da Super Mario World sun isa, sai Street Fighter II in kuna son faɗan da babu yanka.

PS1 kuma, wadda ta fito Disamba 1994 a Japan, ita ce ta mayar da shagon gem majalisa, dokar kuwa ɗaya ce, wanda aka ci ya ajiye pad. Winning Eleven, gem ɗin ƙwallon ƙafa, muke bugawa da rubutun Japananci, ba wanda ya iya karanta ko harafi ɗaya amma kowa ya haddace layi na nawa ne fomeshan, layi na nawa ne canji, kuma a na Japan da'ira ce ke shigar da kai ba X ba, kada ka rikice. Mai sharhin nan Jon Kabira yana ta ihun shuuto. Kowa ya ɗauki Brazil sai ya cire Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba saboda gudu da ƙarfin shot, mu kuma masu ɗaukar Najeriya makaminmu Tijjani Babangida ne, ɗan Kaduna da ya buga wa Ajax kuma yana cikin waɗanda suka ciwo zinare a Atlanta 1996. A gem ɗin nan in ka zura masa ƙwallo da madannin tirayangul ka danne R1 na gudu babu difenda da ke kamo shi, har akwai shagon da sai an yi yarjejeniya kafin wasa cewa ba a kai Carlos gaba ba a sa Babangida. Ka nuna wa yaranka shi, su ga akwai lokacin da ɗan Arewa ne abin tsoro a gem ɗin da Japanawa suka haɗa. Amma in faɗa maka gaskiya hoton ya tsufa, 'yan wasan kamar an sassaƙa su da itace, yaron da ya saba da na yanzu zai yi dariya minti goma na farko, ka ƙyale shi har ka zura masa uku.

Tekken 3 har gobe yana nan da kyansa. Yaro zai gano Eddy Gordo da kansa, ya dinga danna X da da'ira ba tsari yana juyi a ƙasa yana cin ka, kai da ka san muf ɗin Paul da King kana ta huci, haka kowa ya sha. Crash Team Racing na 1999 shi ne na biyu bayan Streets of Rage a lissafina, tseren ƙananan motoci ana jifan juna da bam da roka, allo ya rabu biyu, babu jini babu abin kunya, har uwargida sai ta karɓi pad. Crash Bandicoot ɗin kansa ma ka sa, na uku ya fi sauƙin shiga.

Na kai kaɗai kuwa, Resident Evil 3 da Metal Gear Solid. A Resident Evil sai ka samu keken rubutu kuma kana da ribon tawada kafin ka yi sebin, harsashi a ƙirge yake, ga dodon nan Nemesis yana fasa taga ya biyo ka, tafiyar kuma kamar tuƙa tanka ce, sai ka yi kwana biyu kafin hannunka ya saba. Metal Gear na 1998 akwai wani bos Psycho Mantis da ke karanta duk abin da ka danna, mun yi sati muna shan kashi sai wani yaro da ya zo hutu daga Legas ya ce a cire pad a mayar rami na biyu, muka ce ƙarya yake, aka gwada, shagon ya yi tsit. A sandar nan ban da tabbacin yadda za ka yi wannan canjin cikin sauƙi, ya fi kyau ka buga shi a PS2 ɗinka tunda tana cin faifan PS1, sai dai ka nemi memori kad na PS1 mai gida 15, na PS2 ba ya ajiye gem ɗin PS1, mutane da yawa sun yi asarar wasan dare guda a kan wannan.

Ita PS2 ɗin, ta 2000, ba zan cika ka ba. PES 6 ka ɗauki Inter ka ba Adriano ƙwallo a ƙafar hagu ka ga ikon Allah. Need for Speed Most Wanted na 2005, mutum 15 za ka bi ɗaya bayan ɗaya har ka ƙwato motarka ga 'yan sanda a bayanka. Mortal Kombat Shaolin Monks na mutum biyu ne, Liu Kang da Kung Lao, ya yi daɗi sosai amma maganar jini tana nan. God of War da GTA San Andreas da na ga an fi rubuta maka, gem ne masu kyau ba musu, sai dai na manya ne, akwai tsiraici da ashar da abubuwan da ba za ka so ka zauna kana kallo da ɗanka ba, masu ba ka shawarar sun manta da yara ka ce.

Kafin ka jona PS2 ɗin ka juya bayanta ko adaftarta ka karanta, in ka ga 100V ko 120V kawai to sai da sitef dawun, na taɓa ƙona ta wani abokina a minti ɗaya, hayaƙi kawai muka gani. In hoto ya fito baƙi da fari ba lalacewa ta yi ba, rikicin tsarin hoto na PAL da NTSC ne, ka duba saitin talabijin. Ka sa talabijin a Game Mode don in ba haka ba za ka danna tsalle Mario ya riga ya faɗa rami, ka kuma mayar da allo 4:3 kada kowa ya zama gajere mai faɗi. Pad marasa waya da ke zuwa da sandunan nan yawanci suna da jinkiri, in tana karɓar mai waya ka saya guda biyu. Yawancinsu kuma suna da wurin ajiye wasa a duk inda kake, ka koya wa yaran tun ranar farko saboda ɗauke wuta, mu a lokacinmu in aka ɗauke kana stejin ƙarshe sai dai ka yi salati ka fita waje shan iska.

Ku fara da tanka da Streets of Rage 2 a daren Juma'a, in kun kai wurin Mr. X, bos ɗin ƙarshe na Streets of Rage 2, ka dawo ka faɗa mana wa ya cinye kazar a cikinku.