Hausar Zango ba guda ɗaya ba ce

Assalamu alaikum ɗana. Yaya mutanen gida, yaya Kano?

Ka tambaya ko da gaske mu mutanen Zangon Kumasi a nan Ghana mun bar Hausa ta lalace, saboda ka ji wani a bidiyo yana cewa "mamana ya tafi kasuwa". E, ana faɗin haka, kullum ma kuwa. Sai dai Hausar titi ka ji, ita kuma tana da dalilinta.

Zango ba unguwar Hausawa zalla ba ce. Tun da yaƙin basasar garin Salaga na arewacin Ghana a 1892 ya watsa fataken goro zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra, muke zaune cuɗe da Dagombawa, Mosawa, Zabarmawa, Kotokoli, Yarbawa da Fulani. Kowa da harshen gidansu, Hausa ce ta haɗa mu a bakin rijiya da wurin jana'iza. To harshen da baƙi da yawa suka ɗauka dole ya rage kaya. Ta daina raba namiji da mace, ƙ da ɗ da ɓ suka koma k da d da b a bakin da yawa, Twi, harshen Asante, da Turanci suka shigo. Idan na je kasuwar Kejetia na yi wa mai albasa Kananci tsantsa, ko dai ya ɗauka iyayi nake yi, ko ya ce baƙo ne ya ƙara mini kuɗi.

Amma ka bi yaron nan da ka ji zuwa gida. A majalisar shayi yana ce wa abokinsa "cale", wato aboki, yana zuba Turancin buroka. Da ya iso zauren mahaifinsa sai ya cire takalmi, ya durƙusa, murya ta sauka: "Baba, kun tashi lafiya?" Ba zai ce "ka" ba, ba zai kama sunan yayan babansa ba. Wannan ladabi bai bar mu ba, ina ma iya cewa wasu gidajen nan sun fi naku tsanani a kai.

Fada kuma wani abu ne daban, a nan ne zama da Asante ya fi nunawa. Baƙo ya zo, sai an ba shi ruwa tukuna. Gaisuwa da hannu daga dama ake farawa a bi zuwa hagu. Sannan a tambaye shi abin da ke tafe da shi, ko da kowa ya riga ya sani, shi kuma ya zayyana tun daga fitowarsa gida. Idan manyanmu suka je fadar Manhyia, ba a yi wa Asantehene, sarkin Asante, magana kai tsaye, sai ta bakin mai magana da yawunsa. Mai gaggawar kai wa ga batu a irin wannan zama, marar tarbiyya ake ɗaukarsa.

Ka zo da azumi ka zauna a tafsiri. "Allah gafarta malam" yana nan daram, Larabci ya cika maganar, kuma za ka ji tsofaffin kalmomin da ku kanku kun ajiye. Ƙasar da Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, ya zauna yana rubuta waƙoƙi da Hausa da Larabci har rasuwarsa a 1934, ba za a ce ba ta san Hausar malamai ba.

Inda zan yarda da kai shi ne rubutu. Gidan rediyon gwamnati na GBC yana labarai da Hausa, amma ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun boko na gwamnati. Dattawa da ajami suke rubutu, yara kuwa da ƙa'idar Turanci suka tashi, shi ya sa za ka ga "chikin" a maimakon "cikin" a WhatsApp, babu ƙugiya ko ɗaya. Takardar neman aiki da Turanci ake yi. Idan magana ta yi nauyi, kamar ta'aziyya ko neman aure, ba wanda zai tura wa babba irin wannan rubutu. Sai dai ya yi saƙon murya da cikakkiyar gaisuwa, ko ya sa riga ya taka da ƙafarsa.