Mita biyu a waya ɗaya, kowace da nata lissafin

Tambaya: Ni mai haɗa wutar rijiyar burtsatse ne a Zariya. Na saka wa wani sumo, famfon da ake nutsarwa cikin rijiya, na'urar daidaita gudu, wato VFD. Da na auna wayar da ke shiga na'urar, tsohuwar mitata ta nuna amfiya 6, ta abokin aikina mai rubutun True RMS a goshi ta nuna 9. Wayar kuma tana ɗumi. Wacce ce ta lalace?

Amsa: Malam, babu wadda ta lalace, amma ka kama ta abokin aikinka.

Wutar NEPA kai da komo take yi, sau 50 a kowace daƙiƙa. Mita irin taka tana juya wutar ta fuskanci gefe guda, ta ɗauki matsakaicinta, wanda yake 0.637 na ƙololuwa, sai ta ninka da 1.11 don ta kai 0.707 na ƙololuwa, wato RMS, adadin da ke nuna irin zafin da wutar ke haifarwa a waya. Ka ga ashe ba RMS ɗin ta auna ba, kirdado ta yi, saɓanin mai True RMS da ke auna shi na ainihi. Kirdadon yana dacewa ne kawai idan wutar na hawa da sauka sumul, kamar a moton da aka jona kai tsaye.

VFD ba haka take shan wuta ba. Diyod da kafasitan da ke cikinta sai wuta ta kusa ƙololuwa suke zuƙa, kurɓi ɗaya mai ƙarfi, su tsaya, su sake. A nan 1.11 ya tashi daga aiki, mitarka ta nuna ƙasa da gaskiya.

Abin da nake so ka riƙe shi ne zafi. Idan amfiya ta ninka biyu, zafin waya huɗu yake ninkawa. Ɗauki wayar da amfiya 10 ke bi rabin lokaci, sauran rabin babu komai. Matsakaici 5 ne, amma RMS 7.07 ne, kuma zafinta ya ninka na wayar da 5 ke bi ba yankewa sau biyu cur. Ɗumin da ka ji da ka taɓa wayar, 9 ɗin nan ce. Yana damuna in ga an yi ta naɗa koyil, ana canza waya, ana ɗora wa janareto laifi, alhali tun wajen awo aka kauce.

Matsakaici ma yana da ranarsa. A moton DC (wutar da ke bin gefe guda) mai maganaɗisu, ƙarfin juyi matsakaicin amfiya yake bi, zafin koyil kuwa RMS.

Don haka kaurin wayar shiga da bireka, ka zaɓe su bisa 9, ka duba abin da littafin na'urar ya ce. Amfiyar da ke rubuce a farantin moto ita ma RMS ce, sai dai kada ka gwada ta da wutar shiga. Duba wadda ke fita zuwa sumon, allon VFD yana nuna ta, ita za ka ajiye kusa da ta farantin.