Tambaya da Amsa: Mahayan dare a kufan Burmi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce a Bajoga. Tun muna ƙanana kakarmu take ba mu labarin cewa masu wucewa ta kufan Burmi da tsakar dare sukan ji sukuwar dawaki da kabbara, wasu ma har su hangi mahaya cikin fararen kaya, kuma takan ce mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru ne. Yanzu ɗalibaina sun fara yi mini tambaya a kai. Shin akwai gaskiya a ciki, kuma ya dace in ci gaba da ba yara labarin, ko camfi ne da ya kamata a bari?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ta fuskar addini maganar gajera ce. Wanda ya rasu ba ya dawowa duniya, domin aya ta 100 a Suratul Mu'minun ta ce akwai shamaki a bayansu har zuwa ranar da za a tashe su, kuma aya ta 169 a Suratu Ali Imrana ta ce waɗanda aka kashe a tafarkin Allah rayayyu ne a wajen Ubangijinsu, ana azurta su. Wanda yake cikin wannan ni'ima ba shi da bukatar yawo a kufai. Shi ya sa malamanmu suke danganta abin da mutane ke kira fatalwa ga aljanu, ko ga tsoron da dare da kaɗaici suke jefawa a zuciyar matafiyi.

Sai dai labarin kakarku ba daga iska ya faɗo ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira zuwa gabas da niyyar isa Makka, jama'a kuma suka riƙa barin garuruwansu da gonakinsu suna bin sa, sarakuna da malamai da talakawa, har suka iso Burmi kusa da kogin Gongola, garin da almajiran Malam Jibrilla Gaini suke zaune. Mutanen garin sun kori harin farko a watan Mayu. A ranar 27 ga Yuli Turawa suka dawo da ƙarfi, aka kashe Attahiru tare da ɗaruruwan mutane, shi ma Manjo Marsh da ya jagoranci harin ya mutu, sannan aka rushe garin. Waɗanda suka tsira da yawa sun bi ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, har Sudan, inda zuriyarsu take har yau a garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu.

A ganina nan ne tushen labarin yake. Takardun Turawa sun adana sunayen hafsoshinsu, tarihinmu kuma ya adana sunayen manya, amma manomin da ya baro ƙauyensu ya faɗi a bakin ganuwar Burmi babu wanda ya rubuta sunansa. Danginsa ba su san kabarinsa ba, ba a yi zaman karɓar gaisuwarsa ba, domin masu karɓar gaisuwar ma sun watse. Idan mutuwa ta zo da yawa haka kuma ba a samu damar yin makoki ba, al'umma takan ajiye ta a cikin labari, ta jingina ta ga wurin da abin ya faru, ta yadda duk yaron da aka hana bi ta wajen da dare zai tambayi dalili, a kuma gaya masa. Haka abin yake a gidajen da aka ɗauki 'ya'yansu soja zuwa ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu, ko aka rasa su a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970: inda ba a ga gawa ba, nan ake yawan jin cewa wane ya gan shi a wata tasha, ko ya zo wa mahaifiyarsa cikin barci da kakinsa.

Duk da haka, kada a ɗauka kowane labari irin wannan daga bakin jama'a ya taso. A Ingila an daɗe ana cewa mala'iku sun kare sojojinsu a yaƙin Mons na 1914, a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, alhali asalin maganar wani ƙagaggen labari ne da wata jaridar Landan ta buga a watan Satumba na shekarar, mutane suka karɓe shi a matsayin shaida saboda suna bukatar abin da zai ƙarfafa musu gwiwa. A yaƙin Biyetnam kuwa, sojojin Amurka sun san mutanen ƙasar sun yi imani cewa wanda ba a binne shi a garinsu ba kurwarsa ba ta samun natsuwa, sai suka naɗi koke-koke da muryoyin ƙarya suna sakin su ta lasifika cikin daji da dare don su karya zuciyar abokan gaba. Saboda haka yana da kyau a riƙa tambayar wanda ya fara ba da labari, da kuma wanda labarin yake yi wa amfani.

Game da ɗalibanki, shawarata ita ce ki ba su labarin kamar yadda kika ji shi, ki ce musu haka tsofaffi suke faɗa, sannan ki biyo da abin da ya tabbata na shekara da sunaye da dalilin hijirar, ki kuma bayyana musu abin da addini ya ce game da mamata. Filin yaƙin yana cikin ƙaramar hukumarku ta Funakaye, don haka kai su ziyara da rana ba zai yi wuya ba. Idan kuma kakar tana raye, Allah ya ƙara mata lafiya, ki naɗi muryarta a waya, ki tambaye ta daga wa ta ji, da ko akwai wani na gidanku da ya bi ayarin Attahiru ko ya wuce Sudan, domin sau da yawa a amsar irin wannan tambaya ake samun sunayen da babu su a kowane littafi.