Shin in sayi manhajar tace kukis don kwamfutocin shagona?

Tambaya: Malam, ina da shagon kwamfuta a Zariya, inda ɗalibai ke cike fom ɗin makaranta da duba sakamako. Sau da yawa mutum ya tashi, na bayansa ya zauna ya tarar da akwatin imel ɗin wancan a buɗe. Wani ya kawo mini tallar manhaja ta biyan kuɗi duk shekara, ya ce ita za ta zaɓi shafukan da za su ajiye kukis, ta hana sauran. In saya?

Amsa: Alhaji, ka riƙe kuɗinka tukuna. Abin da kake nema yana cikin burauzar da ke kan kwamfutocinka, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Firefox da Chrome, kyauta.

Kuki ɗan guntun bayani ne da shafi ke ajiyewa a na'urarka don ya gane ka idan ka dawo. Wani injiniyan kamfanin Netscape, Lou Montulli, shi ya ƙirƙiro shi a 1994. Iri biyu ne. Akwai na shafin da ka shiga da kanka, wanda ke riƙe shaidar cewa ka sa kalmar sirri. In ka toshe shi gaba ɗaya, shafin banki da na makaranta za su ƙi buɗe maka. Akwai kuma na baƙi, wato kamfanonin talla da ke laɓe a cikin shafukan wasu, suna bin sawunka daga wannan shafi zuwa wancan. Matsalar shagonka daga nau'in farko take: ɗalibi ya tafi, shaidarsa tana nan zaune.

Maganinta: a saitin sirri na Firefox akwai inda za ka umarce ta ta goge kukis duk lokacin da aka rufe ta, kuma a gefensa akwai jerin shafukan da za ka keɓe, kamar wanda kai kanka kake aiki da shi kullum. Chrome ma tana da irinsa a saitin bayanan shafuka. Sai ka koya wa yaran shago rufe burauza da zarar kwastoma ya miƙe.

Kukis ɗin baƙi kuwa, Firefox ta fara toshe masu bin sawu kai tsaye tun 2019, Safari, burauzar kamfanin Apple, ta toshe su duka a 2020. Google ya yi alƙawari a Janairun 2020 cewa zai cire su daga Chrome, ya yi ta ɗage rana, ya janye maganar a 2024. Don haka a Chrome da hannunka za ka kashe su.

Ga abin da ya fi damuna game da manhajar da aka tallata maka. Yawancin shafuka yanzu a kulle suke aika saƙo tsakaninsu da burauza. Manhajar da ke tsayawa a tsakiyar hanya ba za ta ga kuki ba, balle ta tace shi, sai in ta dasa takardar shaidarta a kwamfutar, wato shaidar da ke sa burauza ta amince da ita, ta riƙa buɗe kowane saƙo. Wanda ya iya buɗe saƙo don ya cire kuki, ai yana ganin kalmar sirri da lambar katin banki. An ga haka a 2015, lokacin da aka gano wata manhajar talla mai suna Superfish a wasu kwamfutocin Lenovo. Irin wannan takardar shaida ta dasa, ta bar ƙofa a buɗe ga duk ɓarawon da ya gane dabarar. Bayanan da ke wucewa ta shagonka amanar 'ya'yan mutane ce, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a. Ka tambayi mai tallar: wane kamfani ya yi ta, kuma tana dasa takardar shaida? In ya fara kame-kame, ka sallame shi. In kana son ƙarin kariya, uBlock Origin, manhajar toshe talla da masu bin sawu, kyauta ce, a cikin burauza take aiki, kuma a Firefox ta fi tafiya daidai.

Tambaya: Ni a waya nake shiga intanet. Kowane shafi sai ya nemi in amince da kukis. In riƙa amincewa?

Amsa: Hajiya, ba dole ba ne. Dokokin Tarayyar Turai ne suka jawo yawaitar waɗannan tambayoyi, musamman bayan 2018. Ki nemi maɓallin ƙin amincewa ko na "waɗanda suka zama dole kawai". Galibi shafin zai buɗe lafiya lau. Chrome ta wayar Android ba ta karɓar ƙarin manhajojin tacewa, amma Firefox tana karɓar uBlock Origin, kuma tallace-tallacen da za ta hana saukowa za su rage miki cin data.