Finch ko Abbott? Ni dai Ueno zan ɗaga

Malam, ka tambaya tsakanin Jennie Finch da Monica Abbott wa ta fi iya jifa a sofbol (wasa ne ɗan'uwan besbol, ɗaya na jefa ƙwallo ɗaya na bugu da sanda), kuma me ke sa a kira ɗan wasa gwarzo. Bari in ɗan sa baki, don na shekara shida ina zama a kan bokiti a bayan gida ina cafe wa 'yata ƙwallo, lokacin tana jifa wa makarantarsu a nan Amurka. Har yau akwai tabo a ƙwaurina.

Wanda bai taɓa tsayawa gaban wannan ƙwallon ba gani yake wasan yara ne, tunda ta ƙasa ake wurgo ta, hannu ya zagaya kamar farfela. Sai dai tazarar ƙafa 43 ce kacal, wajen mita 13, alhali a besbol ta haura mita 18. Kafin ka ƙifta ido ta iso. Ga kuma jifan da ke tasowa sama, wanda mai bugu ke kai wa sanda ta ƙarƙashi ya daki iska.

In lissafi za a bi, Abbott ta yi wa Finch nisa, wannan ba abin musu ba ne. A jami'ar Tennessee ta ci wasa 189, ta fitar da masu bugu 2,440, wato ta sallame su da jifanta ba su samu bugu ba. A 2012 ta yi jifa mai gudun mil 77 a awa, kusan kilomita 124, aka jima ba a kamo ta ba sai a 2025 da Karlyn Pickens, ita ma 'yar jami'ar Tennessee, ta zarce. A 2016 kuma ta sa hannu kan kwantiragin dala miliyan ɗaya. Bahaguwa ce, doguwa, in ta yi tsalle daga inda take jifa sai ka ce a kan mai bugu za ta dira.

Finch ma ba kanwar lasa ba ce. Ta ci wasa 60 a jere a jami'ar Arizona, ta gama kakar 2001 da nasara 32 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ta ɗauki zinare a Olamfik na 2004. Amma mu faɗi gaskiya, abin da ya kai sunanta gidajen da ba a kallon sofbol shi ne talabijin, da ranar da ta sa Albert Pujols, shahararren ɗan besbol, ya kasa taɓa ƙwallonta. Wannan bai ba ni mamaki ba sosai. Ɗan besbol ya saba da ƙwallon da ke gangarowa daga sama, idonsa bai san wadda ke fitowa daga ƙugu ba. Joan Joyce, wata mai jifa a sofbol, ta yi wa gwarzon besbol Ted Williams haka tun 1961. Abin da zan yaba wa Finch shi ne yaran da ta jawo. 'Yata kanta lamba 27, lambar rigar Finch, ta nace sai an ba ta.

Kuma ka bar Lisa Fernandez ta Amurka a waje, ban ji daɗi ba. Zinare uku, 1996 da 2000 da 2004, ga jifa ga bugu. A Olamfik na Sidni ta fitar da 'yan Ostireliya 25 a wasa ɗaya, kuma aka ci su a wasan. Haka sofbol take.

To amma ni, in aka ce gwarzo, ranar nake tambaya. Wace rana ce ƙasa guda ta rataya a wuyanki, ga gajiya, ga abokin karawar da kowa ya ce ba ya kayuwa? Nan ne nake ajiye su duka in ɗauko Yukiko Ueno ta Japan.

Olamfik na Beijing, Agustan 2008. Amurka ta lashe zinare uku a jere, a 2004 ma maki ɗaya tak aka ci su a gasar gaba ɗaya. Kuma an riga an yanke cewa za a cire sofbol daga Olamfik, kowa na ganin wannan ce ta bankwana. Ueno ta fara da Amurka, zagaye tara maimakon bakwai da aka saba, aka doke ta 4 da 1. A ranar dai ta sake fitowa gaban Ostireliya, wasa ya ja har zagaye 12, Japan ta sha da ƙyar 4 da 3. Washegari aka sake miƙa mata ƙwallo a wasan ƙarshe. Amurka na da Cat Osterman da Abbott da Finch, tana iya hutar da wannan ta sako waccan. Japan kuwa ita kaɗai ta dogara da ita. Ta ci su 3 da 1. Jifa 413 a kwana biyu. 'Yata in ta yi ɗari a yini, washegari ko cokali da ƙyar take ɗagawa, shi ya sa nake jin nauyin wannan adadi a jikina.

Za ka iya cewa sa'a ce ta rana ɗaya. To, an dawo da wasan a Olamfik na Tokyo, aka buga a Yulin 2021, shekara 13 bayan nan. Ueno na da shekara 39. Wasan ƙarshe a Yokohama, Amurka ce dai, Osterman da Abbott na nan. An ɗan cire ta a zagaye na shida, aka dawo da ita ta rufe na bakwai, Japan ta ci 2 da nema.

Saboda haka in dole sai na zaɓa cikin biyun da ka kawo, Abbott zan ba, ba tare da dogon tunani ba. Amma ita ma sau biyu tana zuwa Olamfik, sau biyu tana komawa gida da azurfa, kuma duka biyun Ueno ce ta tsaya a ɗaya ɓangaren. Ka nemi bidiyon wasan ƙarshe na 2008 ka kalli zagaye na shida, inda 'yan Amurka suka cika sansani, wato wurare ukun da masu gudu ke tsayawa, sannan Ueno ta fita ba a ci ta ba, sai mu sake magana.