Ɗalibai sun laƙa wa yaro "Kan Tulu", ya ƙi zuwa makaranta

Malama, kin tambayi yadda za ki kashe sunan tsokanar da 'yan aji biyar suka laƙa wa ɗalibinki.

Kada ki tsayar da shi gaban aji ki ce "daga yau kada wanda ya ƙara ce masa Kan Tulu." Kin maimaita sunan da bakinki ke nan, wanda bai sani ba ma ya ji. Bulala kuma fitar da sunan take yi daga aji zuwa hanyar gida, inda ba kya gani.

Ki kira yaron shi kaɗai lokacin tara, ki ji su wa ke jan ragamar. Yawanci biyu ne ko uku, sauran 'yan amshi ne. Ki gana da su ɗaya bayan ɗaya, ki raba musu benci, ki gaya musu karo na gaba iyayensu za a kira. Sannan ki kafa wa ajin doka ba tare da ambaton kowa ba: sunan rajista, ko wanda mutum ya zaɓa da kansa. Malamin addini ya ɗauko musu aya ta 11 a Suratul Hujurat, wadda ta hana jifan juna da miyagun laƙubba.

Ba kowace inkiya ce zagi ba, Tanko ko Ɗanladi sunan gida ne. Wanda ya taɓa halitta, in'ina ko fitsarin kwance shi ne matsala. Ki kuma saurari malamai 'yan'uwanki, sau da yawa daga bakin malami sunan ya faro.